Waya Ta Biya Maka, Kai Wa Ka Biya Wa?

Ƙannena maza da mata, kafin mu yi nisa ina so kowa ya ɗauko wayarsa ya leƙa inda take tara abin da aka sauke. Na san abin da za ku tarar, domin kusan duk wayar ɗalibi haka take: tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO da JAMB na shekara da shekaru, hotunan allon aji da aka ɗauka don ƙyuyar kwafa, bidiyon wani malamin lissafi da abokai suka ce babu kamarsa, karatun Ahalari da Arba'una Hadis da aka turo a zauren WhatsApp, da littattafan da ko shafin farko ba a buɗe ba. To, ku zaɓi guda ɗaya tak daga ciki, ku kife wayar, ku yi wa wanda ke kusa da ku bayanin abin da ya ƙunsa. Mafi yawanku a nan bakinku zai mutu. Wannan shirun shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ba na cikin masu cewa waya ce ta lalata karatun yaran zamani. Masu faɗin haka sun manta wahalar neman littafi a da. Sai a watan Agustan 2001 wayar salula ta fara aiki a Najeriya, lokacin da Econet da MTN suka buɗe layukansu. Kafin nan layukan NITEL na ƙasar gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, kuma da salular ta zo, layi kaɗai yakan kai naira 20,000, sai mai hali. A wancan zamanin aji guda kan yi rububin littafin kimiyyar sinadarai na Ababio ƙwaya ɗaya, wanda ya samu aro ya kwana yana kwafa a gindin fitilar ƙwai, domin da safe mai abu zai karɓe abinsa. Mai son tafsirin Sheikh Abubakar Gumi sai ya jira lokacinsa a Rediyon Kaduna, ko ya nemi kaset. Yau yarinyar da ke Gumel ko Tasawa tana iya sauraron laccar da ake yi a jami'ar Amurka tana zaune a tsakar gidansu. Wanda ya raina wannan ni'ima bai san abin da yake faɗa ba.

Wahalar kai wa ga ilimi dai waya ta rage ta ƙwarai. Shigar ilimin cikin kai kuwa tana nan yadda take tun zamanin kakanni, kuma a nan ne waya ke yi wa mutum wayo, domin saukewa tana da irin daɗin da karantawa ke da shi. Ka tura littafi cikin waya, zuciyarka ta ce maka yau ka yi abin kirki, ka kwanta da farin ciki.

Duk wanda ya yi makarantar allo a cikinku ya riga ya san maganin, sai dai bai lura ba. Allo ma abin riƙewa a hannu ne, ana yawo da shi, ana rubutawa a wanke. Amma dubi dokar da ke kewaye da shi. Ba ya ɗaukar abu da yawa. Almajiri ya rubuta daidai ƙarfinsa, malam ya duba ya gyara, ya biya masa sau biyu ko uku, ya koma gefe yana ta nanatawa da ƙarfi har karatu ya zauna. Sannan ya dawo gaban malam ya biya, malam yana saurare, inda ya yi tuntuɓe a tsayar da shi. Sai malam ya gamsu yake cewa je ka wanke. Ba a wanke allo sai an iya, ba a ƙari sai an wanke. Waya ta zo mana da rabin wannan tsari, rabin da ya fi sauƙi: tana biya maka sau ɗari ba ta gajiya, ba ta tsawa, ba ta riƙe bulala. Ɗaya rabin ne babu. Ba ta cewa dawo ka biya mini, kuma ba ta hana ka ƙari. Sai ka ɗora darasi na arba'in alhali na farko bai zauna ba, babu mai ce maka uffan.

Kada ku ɗauka wannan ƙorafin tsofaffi ne. An gwada abin a fili, kuma ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da masana suka fi ambato a maƙwabciyar ƙasarmu aka yi shi. A 2009 da 2010 ƙungiyar agaji ta CRS tana gudanar da azuzuwan yaƙi da jahilci na manya, da Hausa da Zabarmanci, a ƙauyuka sama da 100 na jihohin Doso da Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Wata masaniyar tattalin arziki ta jami'ar Tufts da ke Amurka, Jenny Aker, ita da abokan aikinta, suka raba ƙauyukan gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Karatu iri ɗaya ake yi ko'ina, haruffa da lissafi, sai dai a rabin ƙauyukan an ƙara koya wa ɗalibai sarrafa waya: ina haruffa suke a kan maɓallai, ina lambobi, yaya ake rubuta saƙo a aika. Wayar ma ba wata ta a zo a gani ba ce. Ƙarama ce mai maɓalli, babu intanet, babu bidiyo, kuma mutum biyar ke tarayya a kan guda. Da aka yi jarrabawa, mutanen ƙauyukan da aka kai waya sun fi sauran a rubutu da lissafi, kuma watanni bayan an rufe aji fifikonsu a lissafi bai gushe ba.

Babu darasi ko ɗaya a cikin waccan wayar. Abin da ta ba su shi ne dalilin aiki da abin da suka koya bayan an tashi daga aji. Saƙo ya fi kira araha, ga ɗa ko miji ya tafi ci-rani, ga son sanin yadda gero ko awaki suka kwana a kasuwar gaba. Duk sa'ad da baiwar Allah ta zauna tana laluben harafi a kan maɓalli don ta gaida ɗanta, daga kanta take zaro karatun tana aiki da shi, kuma can ɗaya gefen akwai mutum da zai karanta, idan bai gane ba ya kira ya ce, Inna, me kika rubuta? Ashe ta samu mai karɓar karatu ba ta sani ba. (A nan bari in tsokane ku kaɗan. Waɗancan bayin Allah da waya suka ƙarfafa rubutunsu, ku kuma da ita kuke rusa naku: slm, ykk, lfy lau. Allon rubutun wayoyin yanzu yana da Hausa, har da ƙ da ɗ da ɓ, a cikin saituna ake zaɓo ta. Wanda ya shekara biyar yana gutsure kalmomi, ran da aka ce ya rubuta insha'i hannunsa zai ci amanarsa.)

Ku kwatanta wannan da abin da ya faru a Peru. A 2005 wani malamin jami'ar MIT, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin ba kowane yaro 'yar ƙaramar kwamfutarsa, shirin da har aka gwada a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007. Gwamnatin Peru ta rungumi abin hannu bibbiyu, ta sayi kwamfutocin sama da 800,000. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da binciken da ya yi a makarantun karkara 319 bayan wata 15 da rabon: yara sun iya sarrafa na'urar sosai, amma a jarrabawar lissafi da ta harshe babu wani ci gaba da aka gani. Na'urar da ta ninka ta Doso tsada da ƙarfi, ta kasa yin abin da ƙaramar waya ta yi, saboda an miƙa ta ne an juya baya. Gwamnatoci suna son rabon na'ura don yana da daɗin ɗaukar hoto. Bibiyar abin da yaro ya fahimta kuwa ba ya fitowa a hoto.

Gwaji na uku shi ya fi kama hankalina. A 2020, da cutar korona ta sa aka rufe makarantu, wata ƙungiyar matasa a Botswana mai suna Young 1ove ta yi gwaji da gidaje kimanin 4,500. Wasu an riƙa tura musu tambayoyin lissafi ta saƙon waya duk mako. Wasu kuma, bayan saƙon, sai wani ya kira wayar uwa ko uba na minti 15 zuwa 20, a buɗe murya, yaro ya zo a yi tambayoyin tare. Saƙo shi kaɗai bai haifar da abin kirki ba. Saƙo da kira kuwa ya rage yawan yaran da ba su iya ko ɗaya daga cikin tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa ba da kashi 31 cikin ɗari. Tambayoyin ɗaya ne, wayar ɗaya ce. Bambancin shi ne yaro ya san ran kaza wani zai kira ya ce, to, faɗa mini yadda ka yi.

Saboda haka ga abin da nake so ku ɗauka a matsayin doka, ko da babu mai tsare ku. Kowane darasi kuka saurara ko kuka kalla, kada ku taɓa na gaba sai kun kife wayar, kun ɗauko takarda da biro, kun rubuta abin da kuka riƙe ba tare da leƙe ba. Idan lissafi ne, ku sake warware misalin da malamin ya warware, daga farko, ku kaɗai. Za ku ji zafin abin, domin a nan ne za ku gane cewa abin da ya zama kamar ruwa a bakin malami, a hannunku dutse ne. Wannan zafin shi ne karatun. A 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu suka karanta a zama ɗaya sannan aka riƙa sa su rubuto abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba, kuma su suka fi yarda da kansu. Bayan mako guda labari ya juye: sun riƙe kashi 40 cikin ɗari, masu rubutowa daga ka sun riƙe kashi 61. Ku lura da wannan yarda da kai ɗin, ita ce ke kai ɗalibi ɗakin jarrabawa yana murmushi ya fito yana cewa wallahi na karanta wurin.

Bayan takarda, ku nemi mutum. Zauren WhatsApp mai mutum 200 ba wurin karatu ba ne, wurin barka da Juma'a ne da tallan atamfa da gardamar ƙwallo. Ku haɗa kanku uku ko huɗu, waɗanda ke jin kunyar juna, ku tsayar da abin da za a karanta da ranar da za a kawo. Kowa ya naɗi muryarsa na minti biyu yana bayani da bakinsa, ba karantowa daga littafi ba, sauran su saurara su kama masa kuskure. In babu aboki, ga ƙanwarka nan, ga mahaifiyarka tana tsintar shinkafa: yi mata bayanin yadda jini ke zagaya jiki, da Hausa. Turanci yana ɓoye rashin fahimta, mutum ya haddace jimla ya furta ta daidai bai san me take nufi ba. Hausa ba ta rufa wa ɗalibi wannan asirin. Da zarar Inna ta ce, to shi jinin me ke tura shi, za ka san inda ka tsaya.

Sai maganar da kowa ya sani amma ba a son ji. Wayar da ke ɗauke da darasin ita ce ke ɗauke da TikTok da Facebook, kuma waɗannan kamfanoni da talla suke cin abinci, wato gwargwadon daɗewarka a ciki gwargwadon ribarsu. Sun ɗauki ƙwararru aiki don kada ka fita. Kai kaɗai da ƙarfin niyyarka ba za ka ja da su ba, kuma ba abin kunya ba ne ka yarda da haka. Faransa ta hana waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare tun 2018. Wani bincike da aka yi a makarantu 91 na birane huɗu a Ingila, wanda ya fito a 2015, ya nuna sakamakon jarrabawa ya ƙaru bayan hana waya, kuma ɗaliban da suka fi rauni su suka fi amfana, masu ƙoƙari kuwa kusan babu abin da ya canza musu. Ku juya wannan a kanku: darasin da kuka fi rauni a cikinsa, a nan waya ta fi yi muku sata, domin da abu ya yi wuya yatsa ke zamewa zuwa inda babu wuya. Dabarar mai sauƙi ce. Ku sauke darasin tukuna, ku kashe data, sannan ku zauna. Talauci ma a nan ya yi muku rana, tunda a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Mutum ɗaya ya sauke, saura su karɓa ta Xender ko katin memori. Masu shagon tura fina-finai da waƙoƙi da yawansu suna da karatuttukan malamai, tambaya ce ba ku yi. Akwai kuma dandalin Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka buɗe a 2022, darussan firamare da sakandare kyauta, har da na Hausa. Garaɓasar datar tsakar dare kuwa ku yi hattara da ita. Abin da aka rage muku a kuɗi, a barci kuke biyansa, kuma kan da bai yi barci ba ba ya riƙe karatu.

Yanzu ga sabon baƙo, manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da Meta AI da ke zaune cikin WhatsApp ɗinku. Mai ba su aikin gida su yi masa ya kwafe, ya ɗauki ɗan dako ne ya je makaranta a madadinsa. Kuma suna kuskure da cikakkiyar gadara: su ƙirƙiro sunan littafin da babu shi, su jingina magana ga wanda bai faɗa ba, a Hausa ma abin ya fi muni. Amma akwai aikin da suka dace da shi, shi ne wanda muke ta nema tun ɗazu. Ka ce da manhajar: na karanta babi kaza, yi mini tambaya biyar ɗaya bayan ɗaya, kada ki ba ni amsa sai na gwada. A jihar Edo an yi gwajin mako shida a 2024 tare da Bankin Duniya, 'yan sakandare suna koyon Turanci da irin wannan manhaja bayan an tashi daga makaranta, aka ga ci gaba mai yawa. Sai dai malamai suna tsaye a kansu, su ke tsara abin da za a tambaya, su ke nuna musu inda manhajar ta yi shirme. A karatun addini kuwa ba na sassautawa. Hadisin da manhaja ta kawo muku, ko guntun bidiyon daƙiƙa talatin da aka yanko daga karatun awa biyu, ba a gina hukunci a kansu. Ku saurari karatun littafi daga farkonsa, da littafin a buɗe a gabanku, abin da ya shige muku duhu ku kai wa malamin da zai iya ce muku ba haka ba ne.

Jarrabawa ba sai na tsawaita ba. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, WAEC ma ta fara da masu zaman kansu a 2024. Yin tsofaffin tambayoyi a waya da agogo yana gudu abu ne mai kyau, amma ku je shagon kwamfuta ko sau biyu ne ku saba da allon rubutu da linzami, kada ranar ta zama ranar farko. Zaurukan da ke karɓar kuɗi da sunan za su turo amsa tsakar dare kuwa, ko damfara ce ko hanyar soke sakamako. Wanda aka kama da waya a ɗakin WAEC, jarrabawarsa duka ke tafiya.

Ƙannena mata, ku kam wannan na'ura ta fi yi muku amfani fiye da kowa, musamman wadda aure ko nisan makaranta ya tsayar. Kai karatu har cikin ɗaki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa mata masu laƙabin jaji suna yawo ƙauye-ƙauye suna kai wa mata karatu a waƙe, 'yan taru kuma su zo su karɓa su koma su koyar. Sai dai jaji mace ce da aka sani, an san wanda ya aiko ta. Wanda ya ɗauki lambarki daga zauren karatu ya biyo ki ta gefe da sunan zai ƙara miki bayani, babu wanda ya aiko shi. Tambayar karatu a cikin zaure ake yin ta, a gaban kowa, kuma hotonki ba ya cikin manhajar kowane darasi. Idan Baba ko maigida yana ɗari-ɗari da wayar, gardama ba za ta kai ki ko'ina ba. Buɗe muryar darasin a tsakar gida, littafinki a cinya, kowa ya ji abin da kike ji.

Da yawa daga cikinku kuma kun riga kun zama malamai, wani a islamiyyar unguwa, wata a firamare bayan NCE, wani yana bautar ƙasa a ƙauyen da bai taɓa jin sunansa ba. Ku ne za ku cike rabin da waya ta bari. A wani gwaji na biyu da Aker ta yi a Nijar, abin da aka ƙara wa azuzuwan manya kawai shi ne kiran waya duk mako ga malami da maigari da ɗalibai biyu, ana tambayar ko an yi karatu, wa ya zo, wa bai zo ba. Wannan kaɗai ya ɗaga sakamakon ɗalibai. Don haka kada ku jibga wa yara littafi mai shafi 60 a zaure ku ce a karanta. Ku naɗi bayani na minti uku, ku bi shi da tambaya uku, ku ce a amsa a takarda da hannu a ɗauko hoto kafin Magariba, sannan ku mayar wa kowa da gyaransa da sunansa. Wanda kuka ji shiru, ku kira wayar gidansu. Kuma ku tuna a kowane aji akwai yaron da wayar gidansu guda ce, tana aljihun Baba a kasuwa, ko tana wurin mai caji sai dare. Irin wannan ku rubuta masa tambayoyin a takarda tun a aji, ku karɓi amsarsa da safe kafin a shiga darasi.